Zanin da Inna Ba Ta Kwance Ba

Da yaƙi ya ci garinmu a Sudan, abu ɗaya na fito da shi ban da kayan jikina: zanin da innata ta ɗaure ta rina a ruwan baba, ba ta kai ga kwancewa ba. Dunƙule ne baƙi ƙirin kamar kan akuya, duk ƙulli, kowane ƙulli da tsakuwa a ciki. Ita ta shiga wata mota, ni na shiga wata. Ban sake jin ɗuriyarta ba.

A gidanmu hannun da ya ɗaura shi ke kwancewa. Ba a kwance wa mace ɗaurinta sai ta mutu. Don haka na bar shi yadda yake. Muddin yana ɗaure, Inna tana wani wuri da ranta.

A Alƙahira na samu ɗaki a unguwar Abbasiya, ina zuwa unguwar Zamalek goge-goge a gidajen mutane. A ɗakin da ke saman nawa akwai wata yarinya 'yar Damagaram, matar wani ɗalibi. Aikinta zana hotuna a littattafan yara. Lokacin tana wani littafi a kan 'yar marina, ta bi ta addabi kowa da neman tsofaffin zannuwa. Ta zazzage akwatunan matan ɗalibai, har kallabin kaina sai da ta kwafe adonsa. Na ce in ta gama ta zana ciwon bayana ma. Ta ce, Gwaggo, bakinki barkono.

Wata rana ta ga dunƙulen a kan shimfiɗata. Ta roƙi aro, wai tana so ta zana yadda ake ƙulli. Na ce ta ɗauka. Ban yi mata bayani ba. Ban taɓa zaton akwai macen da sai an gaya mata wannan ba.

Da na dawo daga aiki na hau sama. Ƙofa a buɗe. Zani shimfiɗe a tsakar ɗaki. Tsakuwoyin a faranti, zaren a tare gefe guda, reza a kai. Ita tana durƙushe da fensir, fuska cike da murna.

"Gwaggo, zo ki gani. Zaren ya fara cin yadin, da an ƙara shekara da ya ruɓe. Na ceto miki shi."

Lokacin gudun yaƙi na tsallake gawa a hanya ban zauna ba. Ranar na zube a bakin ƙofar mutane kamar an sare ni. 

Ban taɓa sanin abin da ke ciki ba. Fararen zobba ne ƙanana, jeri-jeri, sun zagaye wani babba a tsakiya. Ta gefe ɗaya layin ya karkace, kamar yadda yake yi wa Inna in magariba ta matso tana sauri. Hannunta ne sak.

Yarinyar ta tambayi abin da ya same ni. Na gaya mata a taƙaice. Ta dafe kai ta shiga salati. Ta ce za ta yaga hoton da ta zana, za ta mayar da kowace tsakuwa, ai shatin ƙullin yana nan. Ta jawo farantin.

"Bar hotonki," na ce. "An riga an kwance. Khalas, shi ke nan."

Gaskiyarta a kan zaren. Yadin ya huje wuri-wuri, na duba na gani.

Mijinta ya shigo ya tarar da mu haka. Da ya ji, ya ce, Gwaggo, ba a yanke wa mutum mutuwa da zani, rai na hannun Allah, a ci gaba da cigiya. Na ce na ji, Malam. Karatunsa daidai ne. Na naɗe zanin na sauko.

Ranar Juma'a na tuƙa asida, tuwonmu na Sudan, na kai ƙofar masallaci, na raba, na ce a yi wa innata addu'a. Wani tsoho ya karɓi rabonsa ya tambaye ni, ta lafiya ko ta rahama? Na buɗe baki in ce ta lafiya. Sai na ji na ce ta rahama.