Ƙwan Zabon Malami Mai Jak

Idan ka shigo tashar Bagudo ka tambayi mai gyaran jak, ba wanda zai tsaya tunani, rumfar Malami za a nuna maka. Mahaifina ne. Ni ce Atika, mai tuwon shinkafar da ke maƙale da rumfarsa, don haka abin da zan faɗa a gaban idona aka yi shi. Wanda ya ce ƙari na yi, ya zo ya same ni a bakin murhu.

A Sharabi aka haifi Baba, ɗan baduku. Ya iya yankan fata tun kafin ya iya ɗaure mazagin wandonsa, amma kukan mota ya fi masa daɗi a kunne, sai ya gudu ya zama yaron mota a hanyar Lolo. Can tsallaken iyaka wani dattijo mutumin Dandi ya koya masa buɗe jak, irin mai kama da kwalba wanda ke aiki da mai. A zamanin nan ne ya ga jak ya sulale a hankali, ba ƙara ba komai, ya danne hannun maigidansa yana ƙarƙashin mota. Hannun bai sake moruwa ba.

Tun daga ranar Baba ya ɗauki wata al'ada da direbobi ke yi wa dariya, kuma saboda ita suke zuwa. Ba ya miƙa jak ga mai shi sai ya ɗaga mota mai lodi da shi. Sai ya jera katako a ƙarƙashin ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya, ya ɗora ɗanyen ƙwan zabo a kai, tsakanin ƙwan da ƙarfen bai fi kaurin yatsa ba. A tafi azahar, ba a sake dubawa sai bayan la'asar. In ƙwai ya fashe, jak yana saki, a sake buɗe shi. In ya tsira, ni ke soya shi, direba ya ci.

Bara yanar ido ta fara rufe masa gani. Wana, Yaya Sufyan, ya kafe a kan tsoho ya koma gida ya huta, a mai da rumfar wurin cajin waya. Cajin waya fa! Rumfar da ta ciyar da mu duka, har da shi mai bakin maganar. Mun yi ta, har na yi masa rashin kunyar da ba a yi wa yaya. Amma gaskiya ba mugunta ce ta sa shi ba, tsoro yake kada jak ɗin da Baba ya gyara ya kashe ɗan wani.

Ana cikin haka Haliru ya zo, direban kanta, motar lodin da ke ɗauko shinkafa daga Kaoje. Ya sauke wani tsohon jak, baƙi ƙirin, mai na tsiyaya ta wuyansa. Na mahaifinsa ne, ya ce, kuma duk sababbin kasuwa ba wanda ya kama ƙafarsa. Yaya Sufyan na tsaye.

"Baba, ga shi nan," in ji shi. "In ƙwai ya fashe a kan wanga, ka bar mini rumfa."

"In bai fashe ba fa?"

"Ba ni ƙara magana."

"To, kowa ya shaida," Baba ya ce, ya jawo jak ɗin tsakanin ƙafafunsa. Ni kuwa na san in an raba shi da rumfar nan ba zai daɗe ba.

Yana cire toshiyar mai ya kai hanci, sai ya ɗago.

"Haliru, man birki ka ɗura mai?"

Haliru ya soma sosa ƙeya. "Wallahi Baba, a fadamar Kaoje na maƙale, ruwa na tahowa, shi kaɗai na samu."

"Kai da 'yan'uwanka duk ɗaya kuke. Wani baƙin man inji, wani man gyaɗa, kamar ƙosai za ku toya."

Da ya kwance babban notin ya zaro sandar da ke ɗaga mota, sai ga robobin ciki sun kumbura sun yi laushi kamar ƙullu. Man birki ya cinye su tas. Ya zubar da man, ya wanke komai da kananzir, ya jera a tasa. Ya bi sandar da farcen babban yatsa har ya ji inda ta karce, ya goge da samfefa mai laushi. Zobban roba kuwa a tsohon gwangwanin madara yake tara su. Ya zuba hannu yana murzawa ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa na kallon titi, har ya fito da waɗanda suka dace.

Robar gindin sandar ce matsala, mai kama da ƙaramin ƙoƙo, wadda ke riƙe nauyin duka. Irinta ta daina zuwa kasuwa tun da daɗewa. Nan dukanci ya tashi. Baba ya yanko fatar gadon bayan bijimi, ya jiƙa ta a mai mai ɗumi, ya danna ta a bakin guntun bututu har ta ɗauki siffa, ya gyara gefenta da aska. Wallahi ina kallon yatsun nan sai na ji kaina ya yi girma.

Sai wani ɗan ƙwallon ƙarfe, bai kai ƙwayar dawa ba, ya kuɓuce masa ya faɗa cikin yashi. Shi ne ke hana mai komawa baya, in babu shi babu jak. Ga shi can yana ƙyalli kusa da takalminsa, Baba na lalube wani gefen. Yaya Sufyan ya kawar da kai. Na yunƙura, Baba ya ce, "Zauna. Miƙo mini rariyarki." Ya kwashe yashin wurin ya tankaɗe, ƙwallon ya rage a ciki. Rariyata sabuwa ce, amma haka na sallama masa ita.

Ya haɗa, ya ɗura man jak na gaskiya, ya yi ta bugawa har iska ta fita. Washegari Haliru ya kawo kantarsa cike da buhuna. Baba ya ɗaga ta, ya jera katako, ya auna tazarar da yatsa, ya ajiye ƙwai. Aka tafi masallaci. Ranar tuwona ya kama, ban ma sani ba sai da ƙauri ya tashi.

Bayan la'asar tasha ta taru. Baba ya tsuguna a gefen motar ya daɗe yana leƙe, kowa na jiran ya yi magana. Sai na ji an ja bakin zanena.

"Atika," ya ce ƙasa ƙasa, "mi kika gani?"

Ashe ko ƙwan ba ya iya hangowa. Duk aikin nan da hannu ya yi shi, da hanci, da abin da ke kansa. Hawaye suka cika mini ido, na tausayi da na alfahari a haɗe.

"Ƙwai lafiya lau, Baba. Ko tsagewa bai yi ba."

Yaya Sufyan na bayanmu, ya ji tambayar, ya ji amsar. Na juya na harare shi, ina jiran ya buɗe baki in yi masa kaca-kaca a gaban jama'a. Ko Baba da dogon ludayina yake jawo ƙwan daga nesa, amma Yaya Sufyan sai ya tuɓe hularsa, ya kwanta rub da ciki da farar rigarsa, ya ja jiki ya shige ƙarƙashin motar, lodin shinkafa na bisa kansa, jak ɗin Baba na riƙe da shi. Ya ɗauko ƙwan, ya fito, ya durƙusa ya sa shi a tafin hannun tsohon.

"Baba," ya ce, "daga gobe ni zan riƙa kawo ka rumfa a kan mashin."

Baba ya jujjuya ƙwan a hannunsa, ya shafa shi ko'ina, sannan ya miƙo mini.

"Soya ma Haliru. Ki sa albasa da yawa."