Jijiyar da Likita Ya Bari

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Katsina ina dakon fetur a babur daga Jibiya zuwa Maraɗi. Jarka shida nake ɗaurawa. Na karye sau biyu, jandarman Nijar sun taɓa rufe ni, ban fasa ba. Ciwon ƙirji ne ya fara rage mini gudu. In na yi aikin ƙarfi sai in ji kamar an aza mini buhun gero.

Bayan shekara biyu maigidana ya biya mini Makka. A Mina na faɗi, aka kwashe ni zuwa wani babban asibiti a Jidda.

Ba su sa ni barci ba. Suka huda ni a matsematsi, suka zura siririn tiyo har zuciya. Ina kwance ina kallon allo, jijiyoyina suka fito kamar saiwar gawo. Wani Bahaushe haifaffen can, ma'aikacin asibitin, shi ya yi mini tafinta. Ya nuna mini wuri biyu da suka matse. Ɗaya ko ni na gane shi, kamar an shaƙe shi da zare. Ɗayan sai da ya ɗora yatsa, ya ɗan sirance ne kawai, amma da tsawo.

Likita ya tura waya mai kaurin gashin wutsiyar doki. Tafinta ya ce bakinta na jin ƙarfin jini, za a auna kafin matsin, a auna bayansa. Aka ɗura mini wani magani, ƙirjina ya ɗau zafi, numfashi ya yi wuya. Wai da gangan ne, sai zuciya ta nemi jini da yawa ake sanin gaskiyar hanya. Na tambaya nawa ake so ya wuce. Ya ce in ƙarfin huɗu ne kafin matsin, kada ya gaza uku a bayansa.

Mummunan matsin, mai kamar shaƙar zare, ya haye awon. Mai kyan ganin ya faɗi. Shi suka buɗe, suka sa masa ɗan ƙarfe kamar raga. Mummunan suka bar shi, suka ba ni ƙwayoyi, suka ce bayan wata biyu in koma aiki a hankali.

Da na dawo, yayana da ke sayar da mai a bakin iyaka ya duba hoton da aka ba ni. Ya ce Larabawa rabin aiki suka yi, ga ɓarna ƙuru-ƙuru sun tsallake. Ya karɓe makullin babur.

"Kai da hanyar Maraɗi har abada. Ba zan shiga daji ɗauko gawarka ba."

Wata uku ina zaune a rumfarsa. Abin na cina. Mu a sana'armu da ido ake yanke wa tiyo hukunci. Wanda ya lotsa a jefar, wanda ya yi sumul a ci gaba da zuƙar mai da shi. Ba mai leƙa cikinsa.

Ran nan na tono wani lotsattsen tiyo a juji, wanda tayar mota ta taka. Na ɗauko na Yaya, sumul, ya shekara biyu yana aiki. Na ɗora durom ɗin ruwa a kan benci, na ajiye galan biyu, na zuƙa duka. Direbobi suka taru suna dariya, wai Alhaji ya dawo da digirin famfo.

Lotsattsen ya riga cika galan. Na sake, ya sake rigaya. Na sa wuƙa na tsaga na Yaya. Fetur ya kumbura cikinsa, ga dauɗa ta kwanta tsawon taƙi guda.

Yaya ya zagi uwar wuƙar, ya ce tiyonsa ne mafi kyau a layin. Sannan ya tsuguna ya daɗe yana kallo.

"Mutum ba tiyo ba ne," in ji shi.

"Na sani, Yaya. Amma kai dubawa ka yi. Likita aunawa ya yi."

Kwana biyu bai yi mini magana ba. A na uku, da hantsi, ya jefo mini makullin a cinya. Ya ce jarka uku, ba ƙari, ƙwayoyi a aljihu, kuma in na ji ko da tsinke a ƙirji in yar da kayan in zauna.

Na kai Maraɗi kafin azahar. Da na dawo na tarar da Yaya zaune a bakin shingen kwastan, cikin rana, wai iska yake sha.