Man Gyaɗa a Birkin Tirelar Shitu

A Funtuwa aka haifi Ambrose, a bayan shagon yadin babansa, kuma Hausar bakinsa ta fi ta wasu 'yan gari daɗi. Birki kaɗai yake gyarawa. Shekara goma sha bakwai yana yi, ba a taɓa cewa ga motar da ta fito daga hannunsa ta ƙi tsayawa ba. Wannan sunan shi ne jarinsa, shi ya sa duk kaka direbobin motocin auduga ke bin layi a ƙofar garejinsa.

A 1982 Allah ya haɗa shi da Malam Shitu, manomi mai taɓa kamun kifi, wanda ya sayi kwalekwale da 'yar tirelar da tarakta ke ja masa zuwa dam. Duk sanda tirelar ta shiga ruwa sai birkinta ya yi tsatsa, ya kama ƙara.

Ambrose ya ce, "Malam Shitu, in ya yi kuka ka kawo in buɗe in goge. Kada ka zuba masa komai. Ka ji?"

"Na ji, Oga."

Ina ya ji! Mutumin da ya tashi da amalanken shanu, a wurinsa duk ƙafar da ta yi kuka mai take nema. Ya sa matarsa Inno ta tsiyayo masa man gyaɗa, ya ɗura wa birki har ya ƙoshi.

Wata Talata a gangaren dam, direban tarakta ya ja birkin tirela ya cire ta daga jikin tarakta. Tirela ta yi gaba abinta, ta daki dutse, kwalekwale ya tsage biyu. Kafin la'asar labari ya kai Bakori cewa birkin Ambrose ya tsinke.

Ambrose ya sa aka jawo masa tirelar, ya kwance ƙafar a gaban jama'a. Ƙamshin ƙuli-ƙuli ya bugi kowa, ga kiyashi sun yi gida a ciki. Cikin haushi Ambrose ya juya ga Shitu.

"Me na ce maka, Malam? Don Allah me na ce maka?"

Shitu ya leƙa, ya shafa gemu. "Gaskiya ka faɗa. Amma ai ya daina kukan."

Mutum takwas ne suka ga man nan da idonsu. Labarin tsinkewar kuwa ya riga ya zaga kowace tasha. Da kaka ta zo, Ambrose na zaune kan benci da sifanarsa, motocin auduga suna wucewa ta ƙofarsa, direbobin na ɗaga masa hannu, babu wanda ya taka birki.