Gorar awon lodi

A shekarun da nake lodin albasa a Yelwa, muna da wata gora da muke auna tsayin kaya da ita. Akwai tsohuwar gada a hanyar da motocinmu ke bi, an gicciya ƙaton ƙarfe a saman bakinta don kada manyan motoci su hau su karya ta. Shugaban 'yan lodi, wani gajeren tsoho mai faɗan tsiya, shi ya je ya auno ƙarfen da hannunsa ya yanko gorar. In an gama lodi sai a tsayar da ita jikin mota, duk buhun da ya wuce kanta a sauke shi. Direbobi sun yarda da gorar nan fiye da idonsu.

Ran nan wata mota ta yi baya ta take ta, ta yi rugu-rugu. Tsohon yana gida ba lafiya, ya aiko mini cewa kamu tara ce, in yanko wata. Na gangara bakin ruwa wajen masu kwale-kwale, na samo gora miƙaƙƙiya, na auna kamu tara daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, na sare. Abin da bai faɗo mini a rai ba, ni dogo ne zanƙalele, hannuna kamar muciya, shi kuwa tsohon ko kafaɗata bai kai ba.

Motar farko da muka cika maƙil bayan nan, direbanta wani dattijo ne mutumin Shanga. Shekara da shekaru yana tuƙi, ko akuya bai taɓa bugewa ba, kuma ba ya gajiya da faɗa mana haka. Ni dai cika bakin nan nasa haushi yake ba ni. Ya zagaya motar, ya ɗaga kai, ya ce, "Ƙanena, kayan ga sun yi bisa da yawa."

Na kafa gorar jikin mota na ce, "Ga ta nan, Baba. In tsoro kaka ji, miƙa wa wani makullin."

Aka yi masa dariya, ya shiga ya tayar.

Labari ya iso mana kafin azahar. Ƙarfen gadar ya kwashe layin buhunan sama, igiya ta fizgi katakon bodi ta ɓalle shi, buhuna suka zube, wasu a kwalta, wasu a ruwa. Ko da muka isa, mutanen ƙauyen da ke bakin gadar sun fi ƙarfin albasa, har da masu kwasa a zane. Mai motar ya zo a babur, bai tambayi komai ba, ya sharara wa dattijon mari a gaban kowa, hularsa ta faɗi. Ya ce ya san halin direbobi, kayan wani ya ƙara a hanya don ya cika aljihunsa.

Dattijon ya ce, "Wallahi Alhaji ban aza komi ba. Gabana anka auna ta. A ɗauko gorar a gwada."

'Yan ƙungiyar direbobi suka ce haka za a yi gobe bayan an sauko Juma'a. In gora ce ta yi tsawo, laifin 'yan lodi ne. In ta shige, shi ne ɓarawo.

A hanyar komawa na dubi hannuna. Na gane komai. Washegari da kowa ya tafi masallaci, na zare gorar daga rumfarmu, na datse kusan kamu guda da adda, na shafe bakin da baƙin mai da ƙasa. Na ruga masallaci, na ma samu raka'a ɗaya.

Aka kai ta gada, ta shige ƙarƙashin ƙarfen lafiya lau har da sarari. Jama'a suka ɗau ihu. Dattijon bai dubi gorar ba, ni ya duba, ya ce a hankali, "Ƙanena, ita ta wagga?"

Na ce, "Gora nawa gare mu, Baba?"

A nan aka karɓe makullin. Daga Yelwa har Wara ba wanda ya sake ba shi mota, har yara suna kiransa mai kayan hanya. Na ji tausayinsa, amma daɗin da na ji na tsira ya fi tausayin yawa, kuma ba zan yi ƙarya a kan wannan ba.

Da yunwa ta matsa wa gidansa, sai ya dawo rumfarmu neman dako, da furfurarsa. Lokacin tsohon shugaban ya rasu, ni ke zaɓen waɗanda za su ɗauki buhu kowace safiya. Yakan zo da wuri ya tsaya a gaba, ya gaishe ni, bai taɓa ta da maganar ba. Ni kuwa ba na iya haɗa ido da shi, don haka yawancin ranaku sai in tsallake shi in nuna na bayansa.