Gonar Ubangiji da Bencin Baya

Ban iya rubutu ba. Faɗa nake ana rubutawa, kuma in na yi shiru a jira ni, don har yau maganar maigidana ba ta fita daga bakina sai da hawaye.

Mu Hausawa ne Kirista, a wani ƙauye kusa da Kucheri, ƙasar Tsafe. Majami'armu ta laka ce, maigidana na cikin waɗanda suka kwaɓa ƙasarta da ƙafafunsu. A bayanta akwai gona da muke kira gonar Ubangiji. Da damina maza su yi mata gayya, mu mata mu kai fura da ruwa. Dawar da aka girbe a ciyar da mai bisharar da ke mana wa'azi, sauran a raba wa marasa ƙarfi.

Mai gonar da ke iyaka da ita shi ne babban dattijon ikilisiya, dillalin auduga, yana saye a hannunmu ya kai Gusau. Wajen lokacin da aka canja kuɗi zuwa naira ya yi arziki har ya sayi mota. Tsakanin gonakin nan biyu da akwai jerin gamba. Wata damina aka wayi gari babu gambar. Masu gayya su kama kunya daga bayan majami'a, ba inda za su tsaya sai bakin rafi, kuma auduga aka shuka tun daga farko har ƙarshe.

Maigidana ba mai yawan magana ba ne. Amma wata Lahadi, bayan sanarwa, ya miƙe ya ce, "Baba dattijo, ina da tambaya. Gonar Ubangiji ce ta ƙara girma, ko kuwa Ubangijin ne ya tare a gidanka?"

Matasa suka fashe da dariya, kuma dariyar nan ba a yafe masa ita ba. Dattawa suka zauna suka sa shi horo. Ba zai ci jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi ke karɓa a sujada, kuma zai riƙa zama a bencin baya kusa da ƙofa, inda ake zaunar da mazinata, har sai ya tsaya gaban jama'a ya nemi gafarar dattijo.

"Je ka zauna mana, Malam," na ce masa. "Ai benci ne kawai."

"Matar wa na nema?" ya ce. "Ke je ki. Allah ya san hanyar gidan nan."

Bai sake taka majami'a ba. Ranar Lahadi yakan yi wanka, ya sa farar rigarsa, ya zauna a zaure yana rera waƙoƙin da ya haddace. Ni kuwa ina can ina jin mai bishara yana cewa wanda ya bar sujada ya bar Almasihu, idonsa a kaina. A shekarar ce dattijo ya rufa wa majami'a kwano. Aka yi ta guɗa, aka yi masa kujera mai hannu a gaba.

Da tari ya kwantar da maigidana, abu ɗaya ya roƙa: jibi. Mai bishara ba ya da ikon bayarwa, sai fasto, shi kuma yana Gusau. Na hau babbar mota na tafi. A ƙofar gidan fasto na tarar da motar dattijo ana sauke buhunan shinkafa. Fasto ya saurare ni yana kallon ƙasa.

"Inna, ba ni na ɗaure ba, ba ni zan kwance ba," ya ce.

Dattijo, da ke zaune gefensa, ya yi murmushi. "Magana ɗaya ce. Sai dai ya ce ƙarya ya yi. Ni da kaina zan kai masa fasto a motata."

Na dawo na durƙusa gefen shimfiɗarsa na roƙe shi, har na ce ya faɗa don ni. Ya daɗe yana numfashi kafin ya ce, "In na ce ƙarya na yi, da wane bakin zan ci jibin?"

Ya rasu da hantsi, lokacin tsinkar auduga. Aka aiko cewa wanda ya mutu cikin horo ba a sa shi a maƙabartar majami'a, aka kuma hana zumuntar mata zuwa yi masa waƙa. Matan da na yi shekaru ina kaɗa tulu tare da su a waƙar sujada suka riƙa leƙowa ta kan danga. Maƙwabcinmu musulmi da ƙannen maigidana da suka zo daga Bungudu su suka haƙa kabari a bakin gonarmu. Maƙwabcin ya ce, "Inna, ba mu san addu'arku ba. Ke yi, mu mu tsaya." Na fara addu'ar da Ubangiji ya koya mana, murya ta ƙi, na ƙarasa a zuci.

Bayan an watse zaman makoki sai ga dattawa, dillalin a gaba. Na shimfiɗa musu tabarma. Ya gyara babbar rigarsa ya ce sun zauna, kuma saboda jinƙai sun ɗage wa marigayi horo, yanzu ya koma cikakken ɗan ikilisiya. Suka zuba mini ido suna jiran in durƙusa in yi godiya.

"Ni ba a sa ni horo ba," na ce. "Yana can bakin gona. Ku je ku faɗa masa."

Suka dubi juna. Ba wanda ya tambaye ni ta ina ake bi.