Ranar da Turancina Ya Kashe Mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, nakan wuni a shagon gyaran waya na wani abokina a Wurno. Ba wani gyara na iya ba. Aikina shi ne karanta wa mutane saƙon da ya shigo musu da Turanci, in fassara, su tafi suna sa mini albarka. A lokacin ji nake duk garin babu wanda ya kai ni Turanci. Mahaifiyata kuwa tana Goronyo, tana sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a kasuwa.

Wata rana da hantsi, ana tsakiyar zafin bazara, wayata ta yi ƙara. Lambar mahaifiyata ce, amma muryar wata mata ce daban. Ta fara da Hausa, ta kasa, ta koma Turanci. Layin sai yankewa yake. Abin da kunnena ya iya kamawa shi ne, "Your mother... passed out... market." Sai shiru. Can kuma na ji, "come round." Daga nan wayar ta mutu. Na kira, na sake kira, a kashe.

Na san "passed away" na nufin rasuwa. Na san "passed on" ma haka. To, a wurina da "away" da "on" da "out" duk kanwar ja ce, tunda "passed" na gaba. "Come round" kuwa ai ba sai an faɗa ba, ka zagayo ka zo ke nan.

Abokina ya ɗago kai ya ce, "Mi ya faru?"

Na ce, "Inna ta rasu."

Ya yi salati, ya ajiye wayar da yake kwancewa. Sai ya ce, "Ka tabbata abin da tac ce ke nan? Ka dakata mu samu wani can Goronyo mu tambaya."

"Ni za ka koya ma Turanci?" Abin da na ce masa ke nan, na fita.

Kafin in hau kabu-kabu na kira yayata da ke aure a Achida. Ihun da ta yi har yau yana kunnena. Ban ce ta gaya wa kowa ba, ban kuma ce kada ta gaya ba.

Ban taɓa ganin nisan Goronyo irin na ranar ba. Na kasa zama daidai a kan babur, har mai kabu-kabun ya ce in daina motsi kada in kayar da mu. In fara addu'a, in manta inda na tsaya. In ciro waya in kira lambar, a kashe, in mayar aljihu, in sake cirowa. Na tuna zuwana na ƙarshe ta ce in tsaya ta ƙarasa suya in tafi da ƙuli mai zafi, na ce sauri nake. Saurin me? Har muka wuce Rimawa ina tambayar kaina.

A bakin kasuwa wata maƙwabciyarta ta nuna mini ƙaramin asibitin da aka kai ta. Ta buɗe baki za ta ƙara magana, ban tsaya ba. Na shiga da gudu, na ɗaga labule.

Ga mahaifiyata zaune a kan gado, robar ƙarin ruwa a hannu ɗaya, kofin kunu a ɗayan.

"Kai kuma lahiya? Wa ya koro ka?"

Na zube a ƙasa, na riƙe ƙafarta ina kuka kamar ƙaramin yaro. Ashe azumin ramuwa take yi, zafi ya buge ta, ta faɗi a gaban tirenta.

Ma'aikaciyar jinyar da ta kira ni ta shigo. 'Yar Binuwai ce, ba ta daɗe da zuwa ba, Hausarta ba ta nuna ba. Da ta gane abin da na ji, sai ta dafe ƙirji. Ta zauna ta yi mini bayani a hankali, ba tare da dariya ba. "Pass out" suma ne. "Pass away" shi ne mutuwa. Abin da ta ce kuma shi ne "she has come round", wato ta farfaɗo. Albishir matar nan ta yi mini, ni kuma na ɗauke shi ta'aziyya.

Sai na tuna da yayata. Na kira ta, ta yi kuka, ta yi dariya, ta zage ni tas. Sannan ta ce, "To ka san na riga na sa an gaya ma Kawu? Ya taso daga Rabah tun ɗazu, kuma ka san ba ya riƙon waya."

Kawu yayan mahaifiyata ne. Shekaru sun yi ba sa ga maciji saboda wata gonar fadama ta gado, ko gaisuwar Sallah babu. Na kasa gaya wa mahaifiyata yana hanya. Na fita bakin hanya, na dawo, na sake fita. Duk motar da ta tsaya sai in leƙa ko shi ne. So nake in tare shi a waje, amma da aka aike ni sayen magani, sai ya shigo ta bayana.

Da na dawo na same shi tsaye a bakin ƙofa, idanunsa jajur, farin yadi a naɗe a hammatarsa. Ita tana kallon yadin, shi yana kallonta. Babu mai motsi.

Can ta ce, "Yaya, wanga nawa na?"

Kawu ya ce, "An ce mani kin tahi."

"Ashe sai na mutu za ka zo."

Kawu ya zauna a bakin gadon, ya rufe fuska da hannun riga. Ban taɓa ganin dattijo yana kuka haka ba. Ta bar shi ya yi mai isarsa, sannan ta tura masa kofin ta ce, "Sha, ka sha rana." Ba su yi maganar gona ba ranar. Ni dai na sulale waje, don na san in suka gama da juna kaina za su dawo. Sun kuwa dawo.

Tun daga lokacin na daina raina ƙananan kalmomin nan da ke bin bayan aikatau a Turanci. Na gane "look after" kulawa ne, "look for" nema, "look into" bincike. "Give up" sarewa ne, "give in" miƙa wuya. Jelar ita ce ke juya maganar, kuma ba a cankarta, sai dai a koya ɗaya bayan ɗaya. Har yau in ana mini magana da Turanci a waya, hankalina ba ya kwanciya sai na ce a maimaita ƙarshen.

Mahaifiyata tana nan da ranta, ta tsufa, ta bar kasuwa. Kawu ne ya riga ta, kuma tana zaune kusa da shi lokacin da ya cika. Da muka dawo daga maƙabarta na zauna gefenta. Sannan ta dafa kaina ta ce, "Allah shi yi ma albarka, kai da guntun Turancinka."