Mai wankin tukwane a ranar suna

Shekarar da na fara koyar da tarihi a wani kolej a Maraɗi, babu darasin da nake ji da shi kamar na shugaban Amurkan nan da ya 'yanta bayi ana tsakiyar yaƙin basasa. In na kama shi, har 'yan ajin da ke maƙwabtaka da mu sai sun ji muryata.

Akwai wata ɗalibata daga Jiratawa, siririya mai kaifin kai, wadda 'yan aji suka zaɓa ta shugabance su. In ta ce a yi shiru, har ƙattin bayan aji sai su yi. Ita ta tambaye ni ko mu nan bauta ta ƙare. Na ce ta ƙare tuntuni, har da buga tebur.

Gidanmu kuwa gidan fatake ne na asali, kuma muna da wata al'ada da ban taɓa tsayawa na dube ta ba. Duk biki ko suna, wata tsohuwa kan zo ta kama wankin tukwane. Ba ta hawa tabarma, ba ta sa hannu a kwanonmu. Ni dai na tashi na gan ta ne kamar yadda na ga rijiyar gidan.

Ranar sunan ɗan yayana, na fito tsakar gida da leshina ina taƙama, sai ga tsohuwar da wata yarinya a duƙe cikin baƙin tukunya. Yarinyar ta ɗago. Ɗalibata ce.

Gwaggona ta nuna su ga baƙi tana fara'a. "Waɗanga namu na, na gado. Kakanmu ya sayo uwar tsohuwar ga."

Tsohuwar ta taɓo jikarta. "Ke, duƙa ki gaida uwargijiyarki."

Yarinyar ta durƙusa a gabana, ruwan toka na zuba daga gwiwar hannunta. Kunya ta rufe ni. Ni mai baki a gaban allo, abin da ya fito mini kawai shi ne, "Sannunku da aiki."

Da la'asar na sami ɗalibar tawa ita kaɗai a bayan madafa. Na shirya maganganu cike da ciki, amma ta riga ni, idonta a ƙasa.

"Madam, don girman Allah, kada 'yan aji su ji."